Wanda Ya Taɓa Babur ɗin Shayna

Da safiyar Lahadi, tun kafin kofinsa ya huce, Delmar Kuzniar ya gane an taɓa masa babur.

Ba shi ke hawa ba. Na 'yarsa Shayna ne, mai ƙafa huɗu, ja da fari, wanda take tsere da maza a kansa a filin da aka yi a bisa tsohuwar mahaƙar kwal ta bayan garinsu. Amma duk kusar da ke jikin babur ɗin hannun Delmar ne ya ɗaura ta, kuma ko Shayna ɗin ba ta isa ta kusanci akwatin sifanarsa ba sai ta yi sallama. Jiya da yamma, bayan an gama gwaji, ya faki idon matarsa Marcy ya ɗauke mata kwalbar jan farce, ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan sukurun kowace shakazoba, biyu na gaba da ɗayar ta baya. Yanzu ga ɗigon nan duk ya tsage.

Ya durƙusa ya sa sukundireba. Sukurun nan in ka murɗa shi dama shakazoba ta yi tauri, in ka yi hagu ta yi laushi, kuma kowane murɗi sai ya ce ƙas. Delmar ya bi shi a hankali, kunnensa a kusa. An sassauta, ba kaɗan ba, duka ukun. Ya kuwa san abin da hakan ke nufi a Ramin Kwal.

Ramin Kwal tudu biyu ne da rami a tsakani, can bayan jerin bishiyoyi, inda ba a hangowa daga shingen da makanikai ke tsayawa. Mai zuciya yakan tashi daga tudun farko ya dira a bayan na biyu. Wanda ya ji ba zai iya ba sai ya rage wuta, ya gangara ramin ya hau ta ɗaya gefen, ya bar mutane su wuce ta samansa. To in ka yi wannan tsalle da shakazoba mai laushi, tana nutsewa har ƙarshe ƙarfe ya daki ƙarfe, sauran bugun kuwa ƙashin bayanka ne zai shanye. A nan Shayna ta faɗi a watan Mayu ta karya ƙashin kafaɗa. Wanda ya sassauta sukurun nan, in ji zuciyar Delmar, ba kafaɗa yake nema ba wannan karon.

Kusa da tayar baya, a cikin ciyawa, ya ga ɓawon gyaɗa.

Duk filin nan mutum ɗaya ne ke yawo da gyaɗa a aljihu: Lonnie Pavlik, mai tirelar kwana da ke maƙwabtaka da tasu a filin. Ɗansa Brody aji ɗaya yake tsere da Shayna. Kuma Lonnie ne ke riƙe tutar rawaya a Ramin Kwal kowane mako, tutar da ake kaɗawa in wani ya faɗi. Da can aminai ne shi da Delmar, farautar barewa ma tare suke zuwa, har ranar da aka ɗauki Shayna a motar asibiti Lonnie ya dube shi a gaban jama'a ya ce, "Del, kai za ka kashe yarinyar nan." Tun ranar ko gaisuwa.

Marcy ta leƙo daga ƙofar tirela da cokalin suya a hannu.

"Malam, kai ka ɗauke min jan farce? In kwalliya ka fara a tsufanka ka faɗa, in saya maka naka."

"An taɓa babur ɗin nan, Marcy."

"Kullum an taɓa babur. Zo ka ci ƙwai kafin ya sandare."

Bai je ba. Ya mayar da sukurun ukun inda ya bar su jiya, ya ƙara ma ɗan tauri a baya don haushi.

Gaskiya ba yau abin ya fara damunsa ba. A jikin sandar kowace shakazoba, wannan ƙarfe mai sheƙi da ke shiga yana fita a tsakiyar sifirin, Delmar yana ɗaura ɗan zoben roba. Kafin a fita sai ya tura shi sama. Duk inda shakazoba ta nutse ta kai, nan take ture zoben ta bar shi. In an dawo sai ya duba: zobe a tsakiya, akwai sauran wuri; zobe a can ƙasa, an daki ƙarshe, a ƙara tauri. Mahayi zai iya ce maka babur ya yi kaza don ya kare kansa, amma zoben nan, a wurin Delmar, ba shi da dalilin yin ƙarya. Tun da Shayna ta warke ta koma hawa, kowace fita zoben a ƙasa yake dawowa. Ya ƙara tauri, ƙasa. Ya canza sifirin ya sa mai kauri, ƙasa. Ga shi kuma da idonsa yana ganin babur ɗin yana tutsu da ita a jerin ƙananan tuddan nan masu kama da kunyoyin gona, kamar jakin da bai saba da kaya ba. Zobe ya ce laushi ya yi yawa, ido ya ce tauri ya yi yawa. Abu biyu ba sa zama gaskiya tare, sai in da hannun wani a ciki. Yau ga hannun ya bar ɓawon gyaɗa.

Shayna ta fito da takalman tserenta a buɗe, tana naɗe wuyan hannunta da farin filasta. Shekararta ashirin da biyu, doguwa kamar uwarta, ba ta da yawan magana da safe. Naɗin nan kwanan nan ta fara shi, kullum kuma ƙara kauri yake yi.

"Jiya bayan na tafi wanka, wa ya zo nan?" Delmar ya tambaye ta.

"Ban ga kowa ba, Baba."

"Lonnie fa?"

Ta ci gaba da naɗi, ba ta ɗago ba. "Me zai kawo shi?"

"Shi nake tambaya. Kina gaisawa da shi?"

"Mutumin da ya goya ni ina ƙarama? Ina gaishe shi mana."

Delmar ya dube ta da kyau. Wani abu a yadda ta ƙi haɗa ido da shi bai kwanta masa ba, amma ya bar shi a kan cewa tausayin tsohon take ji. Yaran yanzu kowa nasu ne.

Aka kira tseren farko. Ya tura zobban sama da yatsarsa, ya buga mata hular kwano sau ɗaya kamar yadda ya saba, ya tafi shinge. Ƙofar layin farawa ta faɗi, babura suka zubo kamar an ɓalle garke, jar ƙasa ta tashi. Duk lokacin da Shayna ta zo wucewa sai ya ɗaga yatsa yana juya shi a sama. Wannan ce alamarsa tun tana 'yar shekara shida a kan ɗan ƙaramin babur: ƙara wuta. Bai taɓa yi mata wata alama ba, don bai san wata ba. Tana shiga bayan bishiyoyi ta ɓace, in ta ɓullo sai ya ga waɗanda ke bayanta sun koma gabanta, sai ya ce a ransa babur ɗin ne ke cin amanarta a wurin dira.

Ana kusa da gamawa, a kunyoyin nan, bayan babur ɗin ya harba sama. Ƙafafunta duka biyu suka bar mataki, ta kwanta a kan hannun babur da ciki, tayoyin gaba kaɗai ke ƙasa. Wata mata kusa da Delmar ta rufe ido. Da ƙyar abin ya dawo ya zauna. Ana gamawa Delmar ya saki shinge ya juya.

Kafin ya ratsa jama'a ya iso tirela, ta riga shi, ta kashe inji ta shige ciki. Ya leƙa ta tsakanin sifirin. Zobe a ƙasa, duka uku.

Nan fa haƙurinsa ya ƙare. Ya miƙe da sukundireba a hannu ya nufi rumfar da matan coci ke sayar da tsiran alade da burodi, inda masu tuta ke cin abinci a lokacin hutu. Lonnie na zaune a bakin benci, tutarsa a jingine, yana ɓare gyaɗa.

"Pavlik, taso."

"Ƙafata na ciwo, Del. Faɗi a nan."

"Kai ka taɓa min babur."

Delmar ya zo da shirin musu. Ya tanadi ɓawon gyaɗa, ya tanadi jan farce, har da sunan shugaban filin da zai kai ƙara. Lonnie ya hura ɓawon da ke tafinsa ya ce, "Ni ne. Jiya ma ni ne, wancan makon ma ni ne. Kana mayarwa, ina sassautawa. Na gaji, gwiwata ba ta son durƙuso."

Mutanen benci suka juyo. Delmar ya matso kusa da shi.

"Don Brody ya wuce ta za ka karya mata baya? A ramin da kake tsaye kana kallo?"

"Brody?" Lonnie ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Brody ko keke ka ba Shayna sai ta wuce shi, yaron nan budurwa ce a ransa ba tsere ba. Ka ga abin da ya faru a kunyoyi ɗazu? Aikin hannunka ne, ba nawa ba."

"Zobe a ƙasa yake dawowa."

"Na sani."

"To me kake nufi?"

Lonnie ya dube shi, ya dubi mutanen da suka baza kunne, ya mayar da kai kan gyaɗarsa. "An roƙe ni in yi shiru, na kuwa yi alkawari. Ba a bakina za ka ji ba. Ai kai ba ka jin maganar mutum sai ta ƙarfe. Je ka tambayi ƙarfen. Amma ka dubi sandar, ba zoben ba."

Delmar ya juya yana huci. Dabara ce, ya ce a ransa, tsohon munafuki yana neman ya raba hankalina. Ya yi niyyar wucewa kai tsaye wurin shugaban fili. Ƙafarsa dai ta kai shi tirela.

Ba a wanke babur ɗin ba tukuna. Ya kwanta a ciyawa ta gefensa, ya kunna fitilar waya, ya haska cikin sifirin na baya. Shakazoba in tana aiki, bakinta yana share sandar tas duk inda ta kai. Ya ga sandar tana sheƙi daga sama zuwa tsakiya. A tsakiyar akwai layin jar ƙura, zagaye, kamar an zana. Daga nan zuwa ƙasa ƙura ce kwance ba abin da ya taɓa ta, sai wata 'yar shara a gefe ɗaya inda aka ja zoben aka kai shi ƙarshe. Shakazobar nan ko rabin tafiyarta ba ta ci ba. Da hannu aka tura zoben.

Lonnie, zuciyarsa ta ce nan take, don ta saba. Amma Lonnie yana can Ramin Kwal da tuta lokacin da babur ya shigo, kuma yatsun Lonnie kamar rogo suke, ba za su shiga tsakanin sifirin nan ba. Delmar ya matsa da fitilar. A jikin sifirin, daidai inda hannu zai goga, wani ɗan zaren farin filasta ya maƙale.

Ya daɗe a kwance a wurin. Ya tuna duk ranakun da take riga shi isowa tirela. Ya tuna yadda take shiga bayan bishiyoyi a gaba ta fito a baya. Ya tuna sifirin mai kauri da ya sa yana fito, yana jin shi gwani ne. Wata da watanni yana ɗaure babur yana ƙara ɗaurewa don tsallen da ba a yi, yarinyar tana hawa abin da ya zama kamar katako, tana naɗe hannu, ba ta ce uffan ba. Kunya ta kama shi, irin wadda ba ta taɓa kama shi ba.

Ya same ta a cikin tirela zaune a kan akwatin kaya, hannayenta cikin bokitin ƙanƙara. Marcy ta dubi fuskarsa sau ɗaya, ta ɗauki jakarta ta ce za ta je ta taya matan coci.

Ya ajiye zaren filastan a kan gwiwarta.

"Tun yaushe?"

Ta dube shi. Ba ta yi musu ba. "Tun da na dawo."

"Ko sau ɗaya ba ki tsallake ramin ba?"

"Ko sau ɗaya, Baba. Ina zuwa da niyya. Ina ganin tudun sai hannuna ya saki wuta da kansa. Ranar farko na ce bari in tura zoben yau kawai, mako mai zuwa zan tsallake, ba sai ka sani ba."

"Kin ga yana neman kashe ki a kunyoyi, ba ki ce min komai ba."

"In ce me? In ce ka sassauta, ka tambaye ni dalili?" Ta zaro hannu daga bokitin. "Ramin ina jin tsoronsa. Amma fuskarka in ka ji, ita na fi tsoro."

Delmar ya dubi bokitin ƙanƙarar. Mutum ne da zai yi maka awa guda a kan man shakazoba, amma irin wannan magana ba shi da sifanarta. Aka yi kiran farko na tsere na biyu a lasifika.

"Saurara," ya ce. "Babur ɗaya ba ya ɗaukar saiti biyu. In na bar shi haka, kunyoyi za su jefar da ke. In na sassauta shi daidai da yadda kike hawa, zai bi ƙasa lafiya, amma in kika tashi a Ramin Kwal da shi, bayanki ne. Don haka faɗa min gaskiya, wanne zan yi?"

Ta dubi zaren filastan da ke gwiwarta.

"Sassauta."

"Ba za ki tsallake ba."

"Ba zan tsallake ba."

Ya fita ya durƙusa. Sifirin ba lokacin canza shi, amma ya saki zoben ƙarfen da ke matse shi, ya bi sukurun ukun yana yin hagu, ƙas, ƙas, ƙas, har ya wuce inda Lonnie ya kai su. Ya danna bayan babur da ƙirjinsa, ya ji ya nutse ya taso a hankali kamar katifa. Sannan ya ɗauko almakashi ya yanke zobban roban duka uku ya zuba a aljihu.

Da ta tafi layin farawa, bai nufi shinge ba. Ya ga ya kamata ya je inda abin yake, ya tsaya ta gan shi, ta san ba sauran ɓoyo a tsakaninsu. A ganinsa wannan ne kirkin da zai iya yi mata. Ya bi ta bayan bishiyoyi ya ɓullo a Ramin Kwal, wurin da rabonsa da shi tun watan Mayu. Ramin ya fi yadda yake tunawa faɗi.

Lonnie ya juyo ya gan shi, gyaɗar da ke hannunsa ta zube.

"Me kake yi a nan?"

"Na sassauta. Mun yi magana. Na zo in tsaya mata."

"Ka sassauta, sannan ka zo ka tsaya a nan? Del, kanka ɗaya kuwa? Yarinyar nan ta taɓa ganinka a bakin hanya ta rage wuta?"

Nan take Delmar ya gane kuskurensa. Ya waiga zai koma cikin bishiyoyi, amma ƙarar ta riga ta iso. Na farko ya tashi ta samansu, na biyu, na uku. Sai ga ja da fari ya fito daga kwana, yana bin ƙasa sumul yadda bai taɓa yi ba duk bana, ita ce ta huɗu, ba wanda ya wuce ta a kunyoyi. Ya ga hular kwanon ta juyo. Ya san ta gan shi.

Ya ji muryar injin ta canza. Maimakon ta sauka, hawa take yi.

Hannunsa na dama ya riga ya tashi sama da kansa, yatsa a miƙe, yadda ya saba shekara da shekaru. Ya gan shi a sama kamar hannun wani. Ya buɗe tafin, ya kife shi, ya shiga danna iska ƙasa, ƙasa, da hannu ɗaya, sannan da duka biyun, ya taka har bakin hanya inda Lonnie ya cafke masa bel ta baya, yana durƙusawa yana dannawa kamar mai roƙon ƙasa ta kwanta. Bai san ko za ta gane ba. Bai taɓa koya mata wannan ba.

Tudun ya matso. Injin ya yi kuka har ƙarshe, sannan ƙarar ta sauka.

Babur ɗin ya hau tudun farko a hankali, ya sunkuya, ya gangara cikin ramin. Mutum biyu suka wuce ta samanta, ƙasar tayoyinsu na zubo mata a hula. Ta haura ɗaya gefen. Daidai inda yake durƙushe ta ɗaga yatsu biyu daga kan hannun babur, ta mayar, ta ba shi wuta ta tafi.

Delmar ya zauna daɓas a jar ƙasa. Lonnie ya sake masa bel, ya tsaya yana kallon hanya, can ya zaro gyaɗa ya miƙo masa ba tare da ya dube shi ba.

"Tashi daga nan kafin a taka ka. Da sauran zagaye, kuma kowanne sai ta zo ta nan."

Delmar ya karɓi gyaɗar. Ya miƙe, ya karkaɗe wando, ya gyara tsayuwa a inda za ta fi ganinsa, ya kife tafin hannunsa tun kafin ta ɓullo.